Goron da Ya Dawo Agege

Kakana na wajen uwa, Uwaisu, mai ɗaurin huhun goro ne a Zangon Agege. Idan ka kira shi ɗan kasuwa sai ya gyara maka zance, ya ce shi bai taɓa sayen goro ba, bai taɓa sayarwa ba, ɗaurewa kawai yake yi. Daga wani ƙauye kusa da Bebeji ya zo, shekara biyu bayan jirgin ƙasa ya isa Kano. Ya biyo taragon shanu da niyyar ya yi rani ɗaya ya koma gona, sai ranin ya zama shekara arba'in da biyar. Gajere ne, mai faɗin tafin hannu, ba ya son yawan magana, ga taurin kai da ko jaki sai ya sara masa. Jikarsa ce ni, don haka ina da ikon faɗa. Tsohon mijina nake ce masa, shi kuma ya ce da ni amaryar da ba ta iya tuwo ba.

Wanda bai san aikin ba zai raina shi. Manoman Yarabawa su kawo goro daga gonakin da suka kewaye Agege, mata su ɓare shi, su jiƙa, su murje farar fatar da ke jikinsa, su wanke. Daga nan a zuba shi a kwando a bar shi ya yi gumi, kwana biyar ko fiye, ana juyawa. Sai ya tsane sannan ya zo hannun su Uwaisu. Su tsince shi ɗaya bayan ɗaya, su ware wanda ya fashe da wanda ya ƙuje, su shimfiɗa ganyen fita a cikin kwando, su jera mai kyau, su rufe, su ɗaure da igiya, a kai tasha. Wanda aka ware ɗin nan shi ne rabon masu ɗauri da mata masu ɓara. Su ci na ci, su sayar da saura ga fasinjoji. Haka al'adar take tun kafin ya zo.

Ƙullinsa ba mai iya kwancewa, sai dai a sa wuƙa. Yana da wata hanya da yake murɗa igiya sau biyu ya tura bakinta ta ƙarƙashi, ya bar ɗan kunne ɗaya a sama. 'Yan kasuwar Kano har ƙorafi suke aikowa wai yana jawo musu asarar igiya, amma duk huhun da suka ga kunnen nan a kansa ba sa buɗewa kafin su saya. Dalili kuwa sun sani: Uwaisu ba ya ɗaure goron da bai gama gumi ba, ko da jirgi na tsaye yana kuka, ko da maigida na tsaye a kansa. Ɗanyen goro a ido ya fi kyau, yana sheƙi. Amma ka rufe shi a ganye, kafin jirgi ya ƙetare gadar Jebba ya fara funfuna, kafin Zariya sai dai a zubar.

Matarsa Adama ta rasu wajen haihuwar mahaifiyata, Zuliha. Kwana biyu tana naƙuda a gida. A na uku aka ɗauke ta zuwa wani ɗan ɗakin shan magani da ke bayan kasuwa, inda wani bawan Allah ke zaune da kwalabe uku, ja da fara da mai ruwan ƙasa. Mutumin ba mugu ba ne. Ya tsaya a kanta yana murza hannu, ya ba ta na jar kwalba, ya ba ta na fara, don iyakar abin da aka koya masa ke nan. Kafin a yanke shawarar kai ta Ikko a jirgi, jaririya ta fito, uwa kuma jini ya tafi da ita. Kakana bai taɓa zagin mutumin ba. Abin da ya riƙe a ransa shi ne yadda ya ga hannuwan nan biyu lafiyayyu suna murza juna don ba su san abin yi ba. Bai ƙara aure ba. Matan Zango ne suka taya shi rainon Zuliha, musamman Hansai, shugabar masu ɓarar goro, wadda nata ɗan ya fara wayo a lokacin.

Ɗan nan na Hansai shi ne Abdulganiyu. Ubansa tsohon soja ne, irin Hausawan da suka daɗe a Ikko har suka zama 'yan gari, kuma ya rasu ya bar shi yana makaranta. Hausar yaron da gishirin Yarabanci a ciki, kansa kuwa kamar an wasa. Da ya gama sakandare aka ɗauke shi a makarantar likitoci da ke Yaba. Gwamnati ce ke riƙe da makarantar, amma littattafai da tufafi da sauran abin da ake nema wurin iyaye sun fi ƙarfin mai ɓarar goro. Karatun kuma shekara shida ne.

Maigida Shitu, wanda kakana ke ɗaure wa kaya, shi ne babban fatoman Zango, mai saukar da fatake, a lokacin. Ya tara 'yan kasuwa a zaurensa bayan sallar la'asar, aka yi shawara mai daɗi: duk huhun da zai hau jirgi, a cire goro biyar a ajiye don karatun ɗan Hansai, idan ya gama Zango ya samu likitansa. Aka shafa fatiha. Kakana ne ke cire goron da hannunsa, kuma an ce duk Agege ba wanda ya kai shi jin daɗin wannan aiki. Shekara biyu da wani abu komai ya tafi daidai.

A shekara ta uku abu biyu suka haɗu. Yaƙin Turawa ya tashi, taragu suka yi wuya, goro ya riƙa kwana a tasha, 'yan kasuwa suka fara tsuke baki. Sai kuma Abdulganiyu ya zo hutu, ya tarar Maigida Shitu na fama da maruru a inda ba ya barin mutum ya zauna. Ya tafasa 'yar wuƙarsa, ya fasa, ya wanke, ya ɗaure. Kwana uku maigida ya hau buzunsa yana murmushi. A makon kuma wani mahauci ya yanke tafin hannu, ya ɗinke shi tsaf. Ai shi ke nan, magana ta bazu a Zango cewa yaro ya gama ilmi.

Kada a yi musu dariya da yawa, don da ma'aunin da suka sani suka auna. A sana'arsu mutum shekara uku yake bin ubangidansa, ya san farin goro da ja, ya san daushe, ya san hanya, sai a yaye shi. Wanda ya iya allura, ya iya ɗinki, ya iya fasa maruru, me kuma zai zauna yana yi har wasu shekara uku? Suka ce a dawo da shi, goron da ake cirewa a juya shi zuwa gini. A yi wa Zango ɗakin shan magani na bulo da rufin kwano, mai gadaje shida, a zaunar da shi a ciki. Kowa ya ga abin da idonsa zai gani, ya ji daɗi.

Washegari da hantsi kakana ya samu Abdulganiyu a rumfar uwarsa yana taya ta juya kwando.

"Abdulganiyu, tambaya ɗaya zan yi maka. Mace ta kwana biyu tana naƙuda, ɗa ya ƙi fitowa. Me za ka yi mata?"

"Baba, e ma binu, kada ku ji haushi. Ba mu kai nan ba tukuna. Na karanta a littafi, amma ban taɓa tsayawa a kai ba. Sai shekara ta biyar ake shiga da mu."

"Idan aka zaunar da kai a ɗakin maganin da maigida zai gina, aka kawo maka ita fa?"

"Sai in ce a kai ta Ikko."

"To," in ji kakana. Ya sa hannu a kwandon, ya damƙi goro, ya ji danshinsa, ya ce da Hansai wannan da saura kwana biyu. Ya wuce.

Da la'asar ya shiga zaure, ya durƙusa ya gaida maigida kamar yadda ya saba, ya ce, "Maigida, shekara ashirin da biyar ina ɗaure maka kaya. Ka taɓa ganin na rufe goron da bai gama gumi ba?"

"Ban taɓa ba, Uwaisu. Har faɗa mun yi a kan haka."

"To yaron nan ɗanye ne. Sheƙin da kuke gani na ɗanyen goro ne. Ku ɗaure shi yanzu, ranar da za a buɗe huhu ba za ku so abin da za ku gani ba. Ni na taɓa gani."

Kowa a zauren ya san abin da yake nufi. Maigida Shitu ya yi gyaran murya ya ce, "Allah ya jiƙan Adama. Amma Uwaisu, mutum ba goro ba ne, kuma zamani ya yi tsanani. Mu dai mun yanke. Idan yaro na son ci gaba da karatu, ba mu hana shi ba, sai dai ba da goronmu ba."

Abdulganiyu ya ce zai koma makaranta ko da ƙafa ne. Kakana kuwa ya tara abokan ɗaurinsa su bakwai a gindin bishiyar da suke aiki. Ba ya iya doguwar magana, don haka ya ɗauko tulin fasasshen goron da ya samu ranar, ya zuba a ƙwarya, ya ce nasa rabon daga yau na karatun yaron ne, wanda ya ga zai iya ya zuba nasa. Biyar suka zuba, biyu suka ce suna da iyali. Hansai ta kai zancen wurin mata, Hausawa da Yarabawa, suka ce idan dokita ne za a yi wa mata, su ma da su. Mahaifiyata, tana 'yar shekara goma sha bakwai, ita ke ɗaukar tire zuwa tasha. Tana bin tagogin jirgi tana tallan goro fasasshe da Hausa da Yarabanci, har fasinjoji suka san ta.

Tun daga ranar kakana bai ƙara sa goro a baki ba. Wanda ya san mai ɗaurin huhu ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mutum ya wuni hannunsa cikin goro, ƙamshinsa na dukan hancinsa, bakinsa a bushe. An ce watannin farko ba a iya yi masa magana kafin azahar. Amma bai yi rayuwar ƙunci ba. Yana da kokonsa da ƙosai da safe, yana da majalisarsa a bakin tasha inda yake sanin kowane jirgi da kukansa, duk ƙarshen wata kuma ya sa farar rigarsa ya hau jirgi zuwa Yaba, ya miƙa wa ɗalibi ƙunshinsa. Ba ya shiga ciki. A bakin ƙofa yake tsayawa ya tambaye shi, "An kai ku wurin?" Sai a shekara ta biyar ya samu amsar da yake nema, ya dawo gida yana raha da kowa a cikin tarago.

Ginin 'yan kasuwa kuma ya tashi, ba laifi, ya yi kyau. Aka shafa masa farar ƙasa, aka sa gadaje, aka yanka rago ranar buɗewa. Sai dai ba girin-girin ba, ta yi mai. Wanda aka samu ya zauna a ciki bai wuce mai kwalabe uku da komai ba, illa shi kwalabensa biyar ne. Mutane suka je sau ɗaya sau biyu suka daina. Bayan 'yan shekaru wani ya lura daɓen siminti na da sanyi, goro na son sanyi, sai aka jingine gadaje a bango aka jera huhuna. Kakana da kansa ya sha cewa bai taɓa ganin ɗakin ajiyar goro mai kyansa ba.

Abdulganiyu ya gama, ya zama likita. Aka yi walima a Zango, Maigida Shitu ya ba da buhun shinkafa, don shi ma ba mai riƙo ba ne. Sati uku bayan haka takarda ta zo: gwamnati ta tura sabon likita wani gari can arewa, a kan layin da ya wuce Kano ya nufi Nguru. Zango ya samu abin dariya na shekara guda. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, in ji 'yan majalisa. Duk wanda ya wuce sai ya ce, "Uwaisu, yaya goron likita, ka ɗanɗana?" Ya ji zafi, ba sai an faɗa ba, kwana biyu bai fito majalisa ba. A na uku ya fito ya ce da su, "Ni tun da nake, wane huhu na ɗaure aka ci a Agege? Duk arewa yake tafiya." Hansai ta kawo masa jan goro mai kyau ta ce ai yanzu sai ya koma ci, tunda karatu ya ƙare. Ya ce ta bari tukuna, bakinsa ya manta.

A lokacin mahaifiyata ta riga ta yi aure. Mijinta Hamidu, mahaifina, ɗan kasuwar goro ne da ke karɓar kayan Maigida Shitu yana sayarwa a wani gari na kan wannan layin na Nguru, tasha biyu tsakaninsa da inda aka kai likita. Cikinta na fari ya zo da irin wahalar uwarta. Kwana uku a gida, ɗa ya fito ba rai, ita kuma da ƙyar ta tashi. Labari ya iso Agege bayan an yi wata. Ungozomar da ta karɓi haihuwar ta ce ƙugun yarinyar ne ƙarami, gado ta yi.

Da labarin ciki na biyu ya zo, kakana ya je wurin malami aka rubuta masa wasiƙa da ajami, ya ba mai rakiyar goro ya kai wa surukinsa hannu da hannu. Mahaifina ya ajiye takardar har ya tsufa. Ba gaisuwa mai tsawo a ciki. Cewa ya yi: idan ta shiga wata na tara, ka sa ta a jirgi ka kai ta wurin Abdulganiyu, kada ka jira naƙuda, kada ka saurari kowa. Dangin mahaifina sun yi gunaguni, wai wace mace ce za ta tafi haihuwa hannun namiji tana da ƙafafunta. Amma mahaifina ya san mai ƙullin nan, ya san ba a kwance maganarsa.

Mahaifiyata ta sha ba ni labarin asibitin. Ɗaki huɗu ne, biyu ma ginin ƙasa, bai kama ƙafar ginin Zango ba. Amma tukunya kullum tana kan wuta ana tafasa kayan aiki. Likita ya koya wa leburorin wurin wanke hannu har gwiwar hannu, ya koya wa wata dattijuwa yadda za ta gane cikin da zai ba da wahala tun kafin ya ba da. Mutane na zuwa a kan jakuna daga tafiyar kwana biyu. Da likita ya ga mahaifiyata ya ce, "Zuliha mai tire, e kabo, sannu da zuwa." Ya duba ta, ya auna, ya ce ba za a bar ta ta wahala ba, ranar da ciwo ya fara za a yi mata aiki a ciro ɗan. Ta ce ta kalli hannuwansa lokacin da yake magana, suna ajiye a kan tebur ba sa motsi, sai hankalinta ya kwanta.

A Agege kakana ya san wata ya kama, bai san komai bayan haka ba. Duk jirgin da ya taso daga arewa yana bakin tasha kafin ya tsaya. Ya yi haka kwana goma sha tara. A na ashirin, da rana tsaka, mai rakiyar goro ya sauko daga taragon baya riƙe da ɗan ƙunshi, yana kiran sunansa. Majalisa ta taso ta kewaye su.

"Daga surukinka. An samu mace, uwa da 'ya lafiya. Likita ne ya yi aiki ya ciro ta, ranar Talata da hantsi. An sa mata Adama. Wannan goron suna ne."

Wani ya tuntsire da dariya ya ce yau ga abin da bai taɓa gani ba, an kawo wa Agege goro daga arewa. Sauran suka taya shi. Kakana bai ji su ba. Ƙunshin yake kallo. Ganyen fita ne da ya sha hanya ya yi laushi, an ɗaure shi da guntuwar igiya da aka yanko daga jikin huhu. A tsakiyar igiyar ga murɗi biyu, ga ɗan kunne ɗaya a sama. Mahaifina huhun da ke rumfarsa ya fasa don suna, kuma kamar kowa, wuƙa ya sa.

Jaririyar ni ce. Inno ake kirana, don mahaifiyata ba za ta iya kiran sunan uwarta ba. Hansai ce ta ba ni ƙarshen labarin, tana wurin. Ta ce kakana ya zauna a kan wani huhu da ke jiran jirgi, ya buɗe ganyen a hankali, ya juya goron ɗaya bayan ɗaya kamar yadda yake yi a wurin aiki. Goron ya je arewa ya dawo, ko ɗaya bai yi funfuna ba. Ya ɗauki fari guda ya kai baki, sai ya tuna shekara bakwai sun tafi da haƙoransa na gaba. Hawaye na bin gemunsa ya juya ya ce, "Hansai, aiko mini da magogin goro."